Ƙullutun Wuyana da Kunyar Ɗan Fari

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ma'aikata suna ta sayen babura da rediyo mai kaset, na dawo Kazaure da digirina aka ba ni aji a wata makarantar kwana. A lokacin duk yankinmu a jihar Kano yake. Tarihi nake koyarwa. Ba zan ce ni gwanin malami ba ne, amma ina da murya, wannan kam har waɗanda ba sa ƙaunata sun yarda. In ina darasi, 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu ma suna samun rabonsu, ko suna so ko ba sa so.

Akwai wani ɗan ƙullutu a wuyana, a tsakiya daidai, sama kaɗan da zakaran wuya. Ba ya ciwo. Na fara lura da shi ina sakandare, ranar da aka ce kowa ya ɗaure maɓallin sama na rigar makaranta, nawa ya ƙi zama daidai. A wajenmu, musamman ƙauyukan cikin duwatsu ta wajen Roni, kumburin wuya ba labari ba ne. Maƙoƙo ake cewa, a ci gaba da harka. Na san tsofaffin da suka rayu da nasu yana reto, bai hana su noma ba. Saboda haka ɗan nawa ba wanda ya dube shi sau biyu, sai ni. Ni kuwa mutum ne mai saurin damuwa. Irin mutanen nan ne da za su kulle ƙofa, su yi nisa, su dawo su taɓa kwaɗon.

A shekarata ta biyu da fara aiki sai na ga kamar ya ƙara girma, kuma ya yi tauri. Na ce kamar, domin na daɗe ina gardama da kaina a kan ko idona ne. Abokina da muke gida ɗaya a kwatas ɗin malamai, mai koyar da lissafi, shi ya gaji da ganina a gaban madubi.

Ya ce, "Malam, in aure kake so ka faɗa mana. Madubin nan ba shi da ƙanwa."

Na ce masa wuyana nake dubawa, wataƙila ba komai ba ne, amma dai ban sani ba.

"Kullum wataƙila, kullum amma dai. Shirya mu tafi Kano ranar Litinin, a gaya maka ba komai ba ne, ni ma in samu in riƙa aske gemuna."

Likitan da muka gani a babban asibiti mutumin kudu ne, dattijo, ya daɗe a Kano, Hausa ta zauna masa sai ɗan karin harshe. Ya taɓa wurin, ya ce in haɗiyi yawu, sannan ya ce in fito da harshe waje. Na yi tsammanin wasa yake. Da na zaro harshen sai ƙullutun ya yi sama, yatsansa na biye da shi. Ya sa na maimaita, yana murmushi kamar wanda ya gamu da tsohon sani.

Ya ce, "Wannan ba maƙoƙo ba ne."

Bayanin da ya yi mini, in na riƙe shi daidai, shi ne: kowane mutum yana da wani nama a gindin wuya, wanda in ya kumbura shi ne muke kira maƙoƙo. Tun mutum yana cikin uwa, daga tushen harshe naman nan yake farawa, ya gangaro ya zauna a mazauninsa, hanyar da ya biyo ta toshe. A wasu mutane ba ta toshewa duka, sai ta bar 'yar jaka mai ruwa a kan hanya. Shi ya sa tawa take bin harshe. Ya tambaye ni tun yaushe take, na ce ina jin tun sakandare, ya rubuta bai ƙara bi ta kai ba. Ya ce a cire ta kawai, tare da tsakiyar wani ɗan ƙashi da ke ƙarƙashin harshe, don kada ta dawo.

Aka yi tiyata a hutun makaranta. Ba ni da wani labarin jarumta a nan. An ce har maganin barci ya ɗauke ni ina tambayar nas ko sun tabbata ni ne mai wuyan, ba na gadon kusa da ni ba. Na farka da ɗinki a wuya, na yi kwanaki ina shan kunu da kyar, aka sallame ni. Abin da aka ciro kuma aka sa a kwalba aka aika Zariya, a duba shi ta madubin da ke ƙara girman abu. Likita ya ce haka ake yi wa kowa.

Da na koma a duba ɗinki, sai na ga ya tura ɗalibansa waje ya rufe ƙofa. Ya ce sakamako ya dawo, an samu ciwon daji a jikin bangon jakar. Ya yi saurin ƙarawa da cewa irin mai tafiyar hawainiya ne, kuma mafi yawan masu irinsa suna warkewa. Ya ce abu ne da ba kasafai ake gani ba, shi kansa a littafi ya san shi, bai taɓa riƙe shi a hannu ba sai a kaina. Ban san ko so yake in ji daɗin wannan matsayi ba.

Sai ya zana mini hanya biyu. Ko dai cutar a cikin jakar ta tsiro, ta zauna a nan, to in haka ne an riga an fitar da ita, sai a riƙa sa ido. Ko kuma daga naman gindin wuya ta taso ta hauro sama, wato abin da aka cire reshe ne, uwar tana ciki. In haka ne sai an sake buɗe ni an cire naman gaba ɗaya. Jijiyoyin murya kuwa a jikinsa suke kwance, ana iya taɓa su komai ƙwarewar mai aiki, muryar ta dishe har abada. Kuma zan koma shan ƙwaya kullum iya rayuwata, ƙwayar da ba lallai a same ta a Kazaure ba.

A wancan zamani babu na'urorin hoton da ake da su yanzu, aƙalla ba a inda muke ba. Hannun likita ne da tambaya. Hannunsa bai ji komai a naman ba, amma ya ce hannu yana iya kuskure.

Ya ce, "Yanzu tambayar da na yi maka rannan ta zama babba. In da abin nan aka haife ka, hankalina zai fi kwanciya cewa a nan cutar ta tsiro. In kuwa da girmanka ya fito, ba zan yarda da shi ba, zan sake yanka. Tun yaushe yake?"

Na ce ina jin tun sakandare, amma ba zan rantse ba.

"Ina jin ba amsa ba ce, Malam. Mamanka tana da rai?"

Na ce tana nan, a wani ƙauye gaba da Gwiwa.

"To me ya rage? Je ka tambaye ta."

Na ce, "Likita, ni ɗan fari ne."

Ya ajiye biro ya dafe kai. "Kai, ku mutanen nan! Na tsufa a garin nan, har yau wannan kunyar taku ta fi ƙarfina. Uwa ta haifi yaro da kanta, sannan ta yi kamar a hanya ta gan shi."

Matasan yanzu wataƙila ba za su gane nauyin abin ba. A gidajenmu na da, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Dangin mahaifiyata kuma akwai jinin Fulani, tasu kunyar ta fi ta kowa. Ana yaye ni aka kai ni Roni wurin kakata, a can na tashi. In na zo gida na gaida mahaifiyata, gefe take kallo ta amsa a ciki. In za ta ambace ni sai ta ce "wancan" ko "mutumin Roni". Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. Amma ban taɓa zama na yi mata tambaya ta amsa ba, balle tambaya a kan jikina ina jariri.

Na fara da neman hanyar kaucewa. Kakata da ta raine ni ta rasu ina jami'a, mahaifina ya riga ta. Na je wurin gwaggona a Roni, ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, wa ke duba wuyan jariri? Kai da ka zo duk kitse, wuyan ma ba a gani." Sai na aika wa ƙanwata, autarmu, wadda ke zaune tare da mahaifiyarmu, na ce ta tambayar mini. Amsar da ta dawo gajeriya ce: Inna ta ce ita ba ta san wuyan kowa ba.

Na karɓi wannan a matsayin ƙarshen magana. Na fara shirya zuciyata ga tiyata ta biyu, har ina tunanin wane aikin ofis ne mutum marar murya zai iya. In na shiga aji sai in ji ina sauraron muryata kamar ta wani baƙo da zai yi tafiya.

Abokina ne ya tsare ni wata rana muna cin abinci. Ya ce, "Tsaya tukuna. Me ka ce a gaya wa mahaifiyarka?"

Na ce, na ce a tambaye ta ko wataƙila ta tuna wani abu game da wuyana, in ba ta tuna ba ba komai, ba don wani abu ba ne.

Ya ajiye cokali. "Ba don wani abu ba ne! Za a yanke maka maƙogwaro, ka ce ba don wani abu ba ne? Ni ma in aka kawo mini wannan saƙon cewa zan yi ban san wuyan kowa ba. Ka ba ta dalilin da zai sa ta ajiye kunyar shekara da shekaru? Ba ka ba ta ba."

Na ce ina gudun tayar mata da hankali.

"Naka hankalin kake gudun tayarwa. Ranar kasuwar Gwiwa zan kai ka, ko da ɗaure ka zan yi a bayan babur."

Haka aka yi, sai dai ban bari ya kai ga ɗaurewa ba. Muka bi hanyar da ta ratsa duwatsu, dawa ta fara nuna a gonaki, ni ina bayansa da ƙyalle naɗe a wuya, ina ta maimaita abin da zan faɗa. Ya tsaya a zaure wurin ƙanin mahaifina, na shiga ciki bayan la'asar.

Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa tana kaɗi, auduga a hannun hagu, mazari yana juyawa a kan 'yar tasa. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon zarenta. Ƙanwata ta shimfiɗa mini tabarma a bakin rumbu, ta zauna tsakaninmu. Sai na juya na fuskanci ƙanwar tawa, kamar da ita nake, na ɗaga muryar nan tawa ta aji. Na faɗi komai yadda likita ya faɗa. Na faɗi sunan cutar, ban sassauta ba, ina jin wannan ne karo na farko a rayuwata da na yi magana mai tsawo haka ba wataƙila a ciki. Na ce in ba a samu wanda ya san farkon abin ba, za a sake yanka, kuma mai yiwuwa ne in rasa murya.

Mazarin ya tsaya. Kaji na ta tono a gindin turmi.

Can mahaifiyata ta ce, "Ke, auta. Ki gaya wa mai tambaya, da shi aka haife shi."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta maimaita mini, na yi mata alama da hannu ta bari.

"Ranar suna, da wanzami ya ɗaga masa haɓa zai cire beli, ina bayan asabari na hango. Kamar ƙwayar dawa. Ba wanda ya kula. Da ɗaki ya watse na sa yatsa, yana gudu a ƙarƙashin fata. Da ya fara haƙori ya yi wata mura, abin ya kumbura ya yi ja, kakarsa ta ce a kira wanzami ya tsaga. Ni ba ni da bakin magana a kansa. Sai na ce wa babanku na yi mummunan mafarki da aska, shi ya hana. Kumburin ya sace da kansa."

Ta ɗan lakato alli ta murza a yatsa, amma ba ta ɗauki mazarin ba.

"Shekarar da aka kai shi Roni kamar wake yake. Da ya shiga makarantar kwana ya kai gujiya. Ya daɗe a haka, duk karatun nan nasa mai tsawo bai ƙaru ba. Sallar bara ce na ga ya sake, ya yi tsini ta gefe ɗaya. Na so in aika a ce ya nemi magani, na rasa ta bakin wa."

Ƙanwata, wadda ba ta iya riƙe magana a ciki, ta ce, "Inna! Ke da ba kya ko kallon Yaya, a ina kika ga duk wannan?"

"Ke dai ba ki da wayo. Wa nake aika da ruwa duk ranar da ya zo? Mutum in zai sha ruwa ai sai ya ɗaga kai."

Ban san abin da ya kamata in yi da fuskata ba, sai na sunkuyar da ita. Na tuna kwanon shan nan da ake kawo mini tun ina zuwa hutu da gajeren wando, ko da damina ce, ko na ce ba na jin ƙishi. Ni a tunanina al'adar tarbar baƙo ce kawai.

Sai ta ce, "Ki ce masa ya kwance ƙyallen nan."

Na kwance. Ta juyo ta dube ni, ba ta gefen ido ba, sosai, ta daɗe tana duban tabon. Sannan ta ce wa ƙanwata, "Wanda ya yi ɗinkin nan ya iya." Ta ɗauki mazarinta. Na lura zaren ya yi ta tsinkewa, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

A hanyar komawa abokina ya yi ta tambaya ta cikin iska, "Ta yi magana? Malam, ta yi magana?" Na ce ta yi. Ya ce, "To me ya sa ka yi shiru kamar an riga an cire muryar?"

Na kai wa likita labarin yadda na ji shi, da dawa da wake da gujiya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce kumburin da ya biyo mura ma irin halin jakar nan ne. Ya ce da duk marasa lafiyarsa suna zuwa da tarihi irin wannan, da aikinsa ya yi sauƙi. Bai yanke hukunci nan take ba. Ya sake laluben wuyana, ya tuntuɓi abokan aikinsa na Zariya, sannan ya ce ba zai sake yanka ba, amma da sharaɗi: in riƙa zuwa ana dubawa, kuma ko ƙwayar gero na ji a wuya in taho. Ya ce bai ba ni tabbas ba, ya dai zaɓi abin da ya fi rinjaye. Wannan yaren kuwa na gane shi, domin nawa ne.

Na yi shekaru ina zuwa, da farko a kai a kai, daga baya jefi-jefi. Sau da yawa na je da abin da na rantse ƙari ne, a duba a ce kaluluwar mura ce. Har likitan ya yi ritaya ya koma garinsu ba a sake samun komai ba. Na koyar har na gaji, da muryata, yaran maƙwabtan aji suna ta shan rabonsu.

Ba ina ba kowa shawara ya ƙi tiyata ba ne, a fahimce ni. Na ji an ce yanzu akwai na'urori da gwaje-gwajen da ke amsa tambayar da a lokacinmu sai an je ƙauye, kuma kowane mai cuta da irin tasa. Abin da zan iya cewa da ɗan ƙarfin gwiwa shi ne, ba kowane kumburin wuya ne maƙoƙo ba, wanda ya ga nasa ya canza ya je a duba. Sai kuma wannan: in za ka tambayi babba abu mai nauyi, ka gaya masa nauyin. Ni na kusa ba da muryata saboda ladabin da ya hana ni faɗin abin da ke faruwa.

Game da kunyar ɗan fari kuwa, har yau ban gama yanke hukunci ba. Wani lokaci in ga ta cuce mu, domin da ta iya magana tun Sallar da ta ga canji, da an je asibiti da wuri. Wani lokaci kuma in ga ban da hurumin yi mata hukunci, tunda a cikinta aka yi mini irin kulawar da ban ga an yi wa kowa ba. Nawa ɗan farin dai ina kiran sunansa, har yana cewa na cika kira.

Tsakanina da mahaifiyata ba abin da ya sauya a fili bayan rannan. Ba ta sake yi mini doguwar magana ba, ba ta kuma taɓa faɗin sunana ba har Allah ya karɓi abarsa. Sai dai duk ranar da na je gaishe ta, in aka kawo ruwan, nakan juya sashen da take, in ɗaga kai sosai, in sha a hankali har sai kwanon ya ƙare.